Ranar da Gwiwar Yaya Ta Yi Sanyi

Tun da suka iso gidan rediyon, Sarkin Zufa bai zauna ba. Ya shiga banɗaki, ya fito, ya duba wayar piyanonsa, ya sake komawa banɗakin. 'Yan ƙungiyarsu ne suka laƙaba masa wannan suna, don duk ranar wasa sai ya jiƙa riga sharkaf tun bai taɓa kiɗa ba. Shekara da shekaru yana yi wa yayarsa kiɗa tana waƙa, amma har yau in aka ce an kusa hawa dandamali, sai cikinsa ya ɗuri ruwa.

Ita kuwa Yaya, haka kowa ke kiranta har waɗanda suka girme ta, ba ta san wannan ciwo ba. Takan hau dandamali tana dariya, ta tsokani mai ganga, ta ce ko akuyar da aka kai mahauta ba ta kai ƙanenta rawar jiki ba.

Sai bara aka yi mata aiki a maƙogwaro, likita ya hana ta ɗaga murya wata da watanni. Muryar ta dawo, amma ba duka ba. In waƙa ta yi ƙasa, muryar tana nan daram. Sama ce wata rana ta kai, wata rana ta tsage. Wasan yau shi ne na farko tun bayan aikin, ga zaure cike da mutane, kuma kai tsaye za a watsa. In an yi kuskure, ya tafi ke nan.

Ɗakin jiran ƙarami ne, kujerun roba, fanka mai ƙara, da wata lasifika a bango da ke kawo shirin da ake yi kafin nasu. Mai ganga yana ta buga cinyarsa da sanduna, mai jita yana ɗaure tsirkiyar da ya riga ya ɗaure. Sarkin Zufa na cikin kai da kawowa sai ya lura yau babu wanda ya tsokane shi. Ya waiga. Yaya tana gaban madubi tana neman saka ɗan kunne, ya suɓuce ya faɗi. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Sai ta bar shi a ƙasa, ta ɗauki jakarta ta fita.

A matakalar baya ya same ta, kusa da ƙofar da ke fita wajen ajiye motoci.

"Yaya, ina zuwa?"

"Gida. Ka ce musu ba ni da lafiya."

Ta ce ƙafafunta kamar na aro, harshenta ya bushe ya manne, kuma waƙar da ita ta tsara da kanta ta nemi farkonta ta rasa. Ta ce tun jiya take jin wurin da za a hau sama yana jiranta kamar rami. Can ta ɗago ta dube shi.

"Abin da kake ji ke nan?"

"Shi ne."

"Kullum?"

"Kullum. Yau ma ga shi." Ya miƙa mata hannunsa, yatsun suna karkarwa.

Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta tambaye shi yadda yake korar abin. Ya ce bai taɓa iya korarsa ba, kuma in mutum ya tsaya yana ce wa kansa kwantar da hankali, nan abin yake ƙara hawa kai.

"Baƙo ne marar kunya, Yaya. Ba ya jin kora. Aiki ake ba shi."

Ya karɓi jakar ya rataya a kafaɗarsa, ya ce ta biyo shi. Suka hau matakalar har sama, suka sauko, suka sake hawa, tana mita tana cewa ita da girmanta. Da ta fara haki sai ya tsayar da ita, ya ce ta ja numfashi ta hanci, ta sake shi a hankali kamar mai hura shayi mai zafi, kada ta yi gaggawar jan wani. Ya ruga ya ɗauko filas, ya zuba mata ruwan ɗumi a tafin hannu, ya ba ta sauran ta kurɓa. Ya ce ta manta da sama, ba a kai can ba tukuna. Kalmar farko kawai za ta riƙe. Ya faɗa mata kalmar. Ta maimaita. Ya ce in ta fita kada ta kalli zauren duka, ta zaɓi fuska ɗaya ta yi mata waƙa.

Suna nan mai shirya shirin ta sauko a guje, abin saurare a wuyanta, ta ce nema ake ta yi, lokaci ya yi.

Fitilun dandamali sun yi zafi. Mai gabatarwa ya zuba kirari, har da cewa muryar ta dawo ta fi da, Sarkin Zufa ya ji kamar ya toshe masa baki. Jar fitila ta kama, alamar an fara watsawa. Ya fara kiɗan shiga, mai ganga ya bi, suka zo daidai inda za ta ɗauka.

Ba ta ɗauka ba. Tana tsaye, hannu biyu a kan makirufo, baki a buɗe.

Ya ɗaga wa mai jita gira, suka sake zagayowa, ya ɗan sauke kiɗan ƙasa don ya yi mata sauƙi. Zufa tana ɗiga daga haɓarsa a kan piyanon. A zagaye na uku yatsansa ya zame a kan zufar, ya danna inda bai kamata ba, wani mugun sauti ya cika zauren. Yaya ta juyo ta watsa masa hararar da ta saba watsa masa tun yana rarrafe, kuma kafin ta ankara kalmar farko ta fito.

Muryar ta fito siririya, tana rawa. Ta nemi fuska, ta samu wata tsohuwa a layin gaba mai riƙe da sanda, ta kafe ta da ido. A baiti na biyu muryar ta zauna. Da aka zo wurin sama, Sarkin Zufa ya riƙe numfashi. Yaya ta taso wa wurin, ta ji ba za ta kai ba, sai ta bi ta ƙarƙashi, ta miƙa makirufo wajen jama'a, su suka hau da amshin. A waƙa ta biyu ta manta baiti guda ta maimaita na baya. Ta uku ce ta fita sumul. Daga inda yake zaune yana ganin gefen doguwar rigarta yana kaɗawa, gwiwoyin ba su daina rawa ba har aka kashe jar fitila.

Ana ta tafi ta wuce bayan labule, ta zauna a kan akwatin lasifika, ta tuɓe takalma. Ba ta jima ba ta miƙe, ta sake zama. Wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarsu ce. Ta ce ta saurara daga farko har ƙarshe, rediyon a kan cinyarta. Ta ce a waƙar farko kamar mai mura, amma ta ukun ta yi. Sannan ta tambaya wane ne ya yi wannan ɓarnar a piyano.

"Ɗanki ne, Mama."

"Ba ni shi."

Yaya ta miƙa masa wayar. Ya tsaya yana shan faɗa yana cewa to, to, ita kuma tana zagaya bayan labulen ba takalmi, tana gwada wurin saman nan ƙasa-ƙasa, muryar ta tsage, ta sake gwadawa.