Cikin Jibrilla da Kofin Shayi

Ranar da wani likita a Tunis ya tsayar da ranar da za a yi masa tiyata, Jibrilla ya yunƙura zai miƙe tsaye ba tare da ya dafa bango ba, abin da ya daɗe bai gwada ba. Bai miƙe ɗin ba, amma ya yi dariya har kujerar ƙarfen da maƙeri ya yi masa musamman ta ɗauki ƙara.

Duk wanda ya zauna Tawa ya san Jibrilla. A zamaninsa ɗan kokowa ne, Dutsin Adar ake ce masa, kuma in ya shiga fili makaɗa kan manta da sunan abokin karawarsa. Kokowa ta ƙare, cin ɗan kokowa bai ƙare ba. Yau ga shi gwiwoyi sun ƙi, ciwon suga ya shigo, barci sai a jingine, salla a kan kujera. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci masa rai. Mutumin da ƙarti suka sha wuya kafin su kai gwiwarsa ƙasa, yanzu shi da kansa yake neman kai goshinsa ƙasa ya kasa.

Amininsa Aghali, wani siririn Buzu mai sayar da wayoyi a kasuwa, shi ya binciko asibitin, shi ne kuma tafinta duk lokacin da likita ya kira ta bidiyo. Abin ba na wasa ba ne. Jirgi kaɗai kujera biyu za a saya wa Jibrilla, ga ta Aghali mai rakiya, ga masauki, ga kuɗin aikin kansa. Shanun da ya tara a shekarun kokowa duk sun bi ta kasuwa, garke ya koma turaku zalla.

Likitan bai ɓoye komai ba. Ya ce za a rage tumbin, kuma kowane aiki da haɗarinsa. Ya ce ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin jiki sun zama abokan zama har ƙarshen rai, awo kuma sai an riƙa zuwa Yamai. Da Jibrilla ya tambayi yawan abin da zai iya ci bayan aiki, Aghali bai tsaya fassara amsar likita ba, kofin shayin da ke gabansa ya ɗaga.

"Da hwari kamar wanga," in ji shi. "Amma ga sharaɗi, ka saurara. Daga yau har mu tashi, romo marar mai, da tsala, da ganye. Hantarka ta yi kitse, sai ta ɗan saɓe. In munka isa ba ta saɓe ba, lokotoro ya ce ɗage aikin za shi yi."

Kowa a tsakar gidan ya san ma'anar ɗagewa. Kuɗin jirgi ba sa dawowa, kuma babu sauran saniya ko ɗaya da za a kai kasuwa.

Wannan bai rage wa Jibrilla murna ba. Ya aika aka kira tela, ya sa ya ɗinka masa kaftani daidai jikin da yake da shi shekarar da ya fara suna. Tela ya auna iska yana ƙunshe dariya. Aka rataye kaftanin a bango inda Jibrilla zai riƙa ganinsa, yana shan romon kabeji yana yi masa murmushi.

To, sai labari ya bazu. Mutanen Tawa kuwa, Allah ya bar su da kirkinsu, ba su san wata hanyar nuna ƙauna ga ɗan kokowa ba in ba ta bakinsa ba. Wasu suka ce mai shiga tiyata sai da ƙarfi. Wasu suka ce tunda ciki zai tafi, a bar shi ya yi bankwana da duniya yadda ya kamata. Kwanuka suka fara shigowa: dambu, gasasshen kan rago, fura mai kauri daga ƙauyen Bambai, cuku daga dangin Aghali na arewa, kilishi a naɗe cikin takarda. Kuma kowa ya sani, kwanon da aka kawo don girmamawa ba ya komawa a cike.

Matarsa Haula ce ta samo dabara. Kwano ya shigo ta zaure, Jibrilla ya buɗe, ya shaƙi ƙamshi, ya sa albarka, ita kuma ta fitar da abincin ta ƙofar baya zuwa wani gidan. Unguwa ta yi ta cin daɗi ba ta san dalili ba, har ranar da Haula ta ruɗe ta aika wa maƙwabciyarsu Raƙiya dambun da ita Raƙiyar ta dafa da hannunta. Raƙiya ta ci, ta aiko cewa ya yi daɗi amma gishiri ya so ya yi yawa.

Mazagin wandon Jibrilla ya fara saura. Kullum da safe sai ya nuna wa Haula, fuska cike da alfahari kamar wanda ya yi kaye.

Ana gobe za su kama hanyar Yamai don hawa jirgi, bayan la'asar, motar kasuwa ta sauke mahaifiyarsa Inna Hasiya daga Barmu. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ta shigo da baƙin akushi a ka, ta ƙi yarda kowa ya karɓa mata. Haula ta san akushin. Tun Jibrilla na saurayi bai taɓa shiga fili ba sai ya ci tuwon gero da miyar kuka a cikinsa, Inna na zaune a gabansa har ya suɗe. Wannan kwano ba ya fita ta ƙofar baya. Abin da ya fi muni, ita Inna gwiwa ta san za a yi wa aiki, don ba wanda ya iya faɗa mata sauran.

Ta ajiye, ta buɗe. Man shanu ya kwanta a kan miya, ƙamshinsa ya cika gida.

"Wanke hannu," ta ce. "Ba ka taɓa tahiya hili ba ka ci tuwona ba."

Jibrilla ya wanke hannu, don jikinsa ya saba bin wannan muryar kafin kansa ya yi tunani. Yatsunsa suka tsaya a saman tuwon. Haula ta daskare a bakin madafa, Aghali, da ke dafa shayi a gefe, ya shiga fifita gawayin da ya riga ya kama. Loma ɗaya ba za ta ɓata hanta ba, amma Jibrilla ya san kansa, ya kuma san Inna. A gabanta ba a yin loma ɗaya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a gaban wani ƙato ba.

Ya janye hannun.

"Inna, ba ni iya ci."

"Mi ya samu tuwon?"

"Babu abin da ya same shi. Ba gwiwa za a taɓa ba, Inna. Cikina za a rage." Ya bayyana mata komai, har da hanta da shanun da suka tafi.

Inna Hasiya ta kalli cikin nan da ta ɗauki shekaru tana cikawa.

"Abin da Allah ya ba ka, shi za ka kai ma baƙi su yanke?"

"Sujada nike so in yi, Inna. Na manta rabon da goshina shi taɓa ƙasa."

Ta gyara lulluɓinta. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, in ya komo me zai riƙa ci. Aghali ya miƙo kofin shayi da hannu biyu, kamar mai miƙa laifinsa. Ta karɓa, ta juya shi, ta leƙa cikinsa. Sai kawai ta fashe da dariya, har hawaye suka zubo mata.

"Wanga? Ai ya hi wanda ka hwara da shi. Bakwaini anka haihe ka, ko nono ba ka iya kamawa. Da ɗan ludayi nika ɗiga maka, matan gari suna cewa ba ka kai damina. Su lokotoro su yi nasu. Ciyar da mai ƙaramin ciki kam, ni na san shi." Ta nuna shi da kofin. "In ka komo, Barmu za ka sauka. Na rene ka sau ɗaya, ban manta ba."

Dutsin Adar ya sunkuyar da kai yana kuka, kafaɗunsa na girgiza, kuma bai ji kunyar kowa ba.

Inna ta rufe akushi, ta tura shi gaban Aghali.

"Kai, ɗan nan, cinye. Kai za ka riƙe shi a hanya, kuma ban ga abin da za ka riƙe shi da shi ba."

Aghali ya wanke hannu. Da ya waiwaya neman kofinsa, Inna ta riga ta ƙulle shi a bakin zanenta.