Gawon Hashimu Ya Yi Ganye

Hashimu ɗan Matameye ne, amma rabon da rani ya same shi a gida tun yana saurayi. Da an ɗaure gero sai ya saɓa jaka sai Kano, ya yi ta turin ruwa har hadari ya fara haɗowa. Bana kuwa ya rantse ba inda za shi. Wani porje, wato shirin tallafi, ya biyo ta meri, ofishin magajin gari, wai gwamnati na so a yi noman rani ba ƙona esansi, wato fetur, ba saran itace. Aka ba shi famfo da faifan hasken rana, wanda ake ce wa panno.

Tsakiyar damina kayan suka iso. Mutumin naku, sarkin ɗoki, bai jira kowa ba. Ya kafa pannon bakin rijiyarsa a fadamar hanyar Dungu, gindin wani tsohon gawo da ko ganye ɗaya babu, rana na zubowa ta tsakanin rassa. Ya gwada, ruwa ya yi tsartuwa. Ranar har rawa ya taka.

Sai da sanyi ya shigo, albasa ta kama ƙasa, sannan famfo ya soma tsiyaya kamar butar da ta toshe. Hashimu ya goge panno, ya taɓa waya, ya tsine wa wanda ya ƙera, duk a banza. Albasa ta fara langaɓewa, hankalinsa ya tashi ƙwarai, don in ta mutu babu makawa sai ya koma ci-rani.

Yana nan ya yi tagumi sai ga matarsa Jannatu da ƙwaryar fura. Ta dubi famfo, ta dube shi, ta ƙunshe dariya.

"Maigida, ɗan ɗaga kanka sama mana."

Ya ɗaga. Ashsha! Gawo ya lulluɓe da ganye shar, inuwa ta kwanta luf a kan panno. Ko yaron goye a Matameye ya san gawo da damina yake tuɓewa, da rani ya yi ado. Hashimu ma ya sani, amma sanin kunne ne, yaushe rabon da ya tsaya a gonarsa a irin wannan lokaci?

"Ina gatarina?" in ji shi, yana huci.

"Gatari kuma? Ka sare shi 'yan gandun daji su zo maka? To, awakina fa, 'ya'yan wane itace za su ci? Shekarun nan da ba ka nan, shi ya riƙe mu. Shi ka tarar. Baƙon da ka kawo shi zai matsa."

Kunya ta kama Hashimu, ya sosa ƙeya, sai shi ma dariya ta ƙwace masa. Suka tone ƙafafun ƙarfen, ya kama gaba ta kama baya, tana yi masa tsiya wai a hankali kada mutumin Kano ya yi tuntuɓe. Suka dasa panno a fili fetal. Famfo ya yi tari, ya yi gyaran murya, sai ruwa fal kwari-kwarin albasa.

Ana haka wata mota ta ɗan tsaya a bakin hanya, maƙil da 'yan ci-rani. Sa'adu, abokin kwanansa na Kano, ya leƙo ta taga.

"Hashimu! Akwai sauran wuri ɗaya!"

Hashimu na tsaye, taɓo har ƙwauri. Ya waiwayi Jannatu, ya ga ta daina dariya, ta zuba masa ido.

"Ku gaida mutan Kano," ya ce. "Ke, Jannatu, miƙo furar nan."