Jan Tsingaro a Farin Dutse

Tun daga unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda nake mita a kan tulun nan. Mahaifina, Malam Abdallah, ya haura tamanin, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma ya rungume sabon tulu na jar ƙasa a cinyarsa kamar jariri, ya hana a sa shi a bayan mota.

"Abuya, ga ruwan sanyi nan na cika mota da shi. Me za mu yi da tulu, kuma babu ko ɗigo a ciki?"

"Rafi'u, tuƙi aka sa ka. Yalla, mu je."

Na ci gaba da tuƙi, amma raina a ɓace yake. Ranar hutuna ke nan guda daga aikin sito a tashar jiragen ruwa, ga ni ina ƙarar da ita a hanyar kudu, neman kabarin da aka yi shekara saba'in da ɗoriya ba a gani ba.

Labarin kam na haddace shi. Yana ɗan shekara bakwai suka tsallako daga Sudan, shi da iyayensa da wasu alhazai masu tafiyar ƙasa. Mai jirgin da ya ɗauko su ya sauke su a wani tsibiri, ya ce Jidda tana bayan dutsen can, ya juya abinsa. Da suka hau dutsen, babu komai a bayansa sai wani ruwan. Kwana huɗu suka yi kafin masunta su tsince su. A kwana na biyu kakata Dela ta cika. Tun da likita ya fara yi wa Baba maganar zuciya, ba shi da zance sai na zuwa ya ga inda take kwance.

Da muka isa gaɓar teku, wani masunci mai suna Meshari ya ɗauke mu a kwale-kwalensa mai inji. Wurin wani lungu ne na teku, ruwan shuɗi garau har kana ƙirga kifi, ba kowa sai tsuntsaye. Tsibiran ƙanana ne, na farin dutse mai huji-huji, irin wanda aka gina tsoffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, da shi, ruwa ya cinye gindinsu. Duk kamarsu ɗaya. Ni da na taso cikin ƙarar manyan motoci, shirun nan sai da ya dame ni.

Mun sauka a na farko, Baba ya ce ba shi ba ne. Na biyu ma haka. A kowanne sai na goya shi zuwa gaɓa, in koma in ɗauko tulun.

"Abuya, halas mana, ya isa haka. Rana ta take. Mu yi mata addu'a daga nan, ai tana isa."

"Ni ma na san tana isa," in ji shi. "Ƙara ɗaya."

A na uku ya ƙi kallon duwatsun, sai ƙasa. Ya ce in duba masa abu ja. Na yi ta yawo ina share gumi, har na iso wata tsaga a jikin dutse da aka cike da tarin duwatsu. Iska da shekaru sun zame wasu. A tsakaninsu na hango wani abu ja, faɗin tafin hannu. Na ɗago shi. Tsingaron tulu ne. A tsibirin da babu ko dunƙulen jar ƙasa.

Da na sa masa a hannu, ya shafa shi da babban yatsa. Sannan ya gaya mini abin da bai taɓa sawa a labarin ba.

"A garinmu ba a tura wa mamaci ƙasa kai tsaye. Sai an jera fasassun tukwane ko itace a samansa. Nan babu itace. Tulu ɗaya gare mu, na ruwan sha. Babana ya juye ɗan abin da ya rage a salka, ya fasa shi. Mutane suka yi masa caa, ya ce matarsa ba za ta kwanta dutse a fuskarta ba. Amma tulun ƙarami ne, ya waladi, ɗana. Daga kai zuwa gwiwa ya tsaya. Ina tsaye aka ɗora duwatsu a kan ƙafafunta. Ƙafafun da suka tako daga Haɗeja, tana goye da ni."

Kunya ta rufe ni. Tun safe nake yi wa tulun nan tsaki.

Meshari, da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ya kashe sigarinsa ya matso kusa da mu. Baba ya ɗaga tulun zai buga da dutse, hannunsa ya kasa. Ya miƙo mini.

Na fasa shi. Ƙarar ta tashi tsuntsayen gaɓar duka.

Ba mu taɓa abin da ke ƙasa ba. A saman duwatsun, ta wajen ƙafa, Baba ya durƙusa yana jera tsingaron ɗaya bayan ɗaya, ina miƙa masa, Meshari yana danne su da ƙananan duwatsu don kada iska ta kwashe. Da ya ajiye na ƙarshe, ya dafa wurin da tafinsa, ya yi magana da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Inna, ga sauran na kawo."