Wanda Ke Cikin Sulken Sarkin Taurari

Guntu bai taɓa ganin Sarkin Taurari yana tafiya ba sai a akwatin talabijin, domin duk sanda Sarkin ya motsa, shi yana ciki yana tuƙa shi.

Sulken Sarkin wani ƙaton abu ne na ƙarfe mai kama da ƙararrawar da aka kifa, tsayinsa ya kusa taɓo fitilun ɗakin ɗaukar shiri. An shafe shi da fenti ruwan zinariya, an fito masa da hannuwa masu farata ta kowane gefe, can sama kuma aka bar wata siririyar taga ta jan gilashi. Daga waje abin tsoro ne, har yara kan ɓuya a bayan iyayensu in ya bayyana. Daga ciki kuwa sirdin keke ne da feda, da wayoyin birki da ake ja hannuwan su motsa, sai warin roba da na tsohon gumi. Ƙofar tana ta baya, kuma daga waje ake ɗaure ta da noti.

Yayan Guntu, mai walda, shi ya ƙera sulken, ya kuma matse cikinsa da gangan yadda babu babban mutumin da zai iya shiga sai ƙaninsa.

"Na yi maka aikin da ba mai ƙwace maka shi," ya ce masa ranar da aka kai sulken. Kuma bai yi ƙarya ba.

Guntu ba yaro ba ne. Furfura ta fara tsiro masa a gemu, yana da mata tela, da 'ya budurwa mai aiki a kantin magani. Tsayinsa ne dai bai wuce ƙugun yawancin maza ba. Tun yana saurayi yake son wasan kwaikwayo, kuma Allah ya ba shi murya mai kauri da daɗin saurare, amma duk inda ya je neman shiga wasa sai a dube shi daga sama a ce a tuna da shi in an tashi yin na ban dariya. Ko a wannan shirin ba da muryarsa Sarki yake magana ba. Wani mai karanta labarai ne, da ake kira Mai Murya, yake zuwa ya zauna a ɗaki mai sanyi ya yi ta tsawa a makirufo. Sunansa ake rubutawa a ƙarshen shiri, shi kuma ake tsayarwa a hanya a ɗauki hoto da shi.

Ma'aikatan ba su tsani Guntu ba, mantawa kawai suke yi akwai mutum a ciki. Sukan jera kofunan shayinsu a gindin sulken. Sau da yawa a tashi cin abinci a bar shi a ɗaure, yana bubbuga ƙarfe da gwiwar hannu, sai wani ya dawo ɗaukar wayarsa ya ji. Mai kula da fitilu kan kwaɗa wa sulken sifana ya ce, "Injin, kana da sauran mai?" Ƙarar ta cika wa Guntu kunne har haƙoransa su yi tsami. Shi ma yakan yi dariya daga ciki, don kada a ce ba ya ɗaukar wasa.

Da shirin ya zo ƙarewa, Darakta ya kira shi ofis, abin da bai taɓa yi ba. Har kujera ya nuna masa.

"Guntu, lokacinka ya yi. A kashi na ƙarshe Kyaftin zai fasa sulke, duniya ta ga wanda ke ciki. Kai za a gani. Fuskarka."

Kyaftin shi ne jarumin shirin, wani dogon saurayi da 'yan mata ke rububi.

"Ranka ya daɗe, zan yi magana?"

"Za ka yi. Jawabin mutuwar Sarki. Je ka haddace."

Guntu ya fito riƙe da takardar jawabin. Da ya isa gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta mata jawabin tun daga farko. Ta ɗauke ƙafa daga feda, ta zuba masa ido.

"Maigida, ashe da rabon mu ga wannan rana."

Kafin gari ya waye duk layinsu ya ji. Dama maƙwabta sun daɗe suna taɓe baki in ta ce mijinta ne Sarkin Taurari, wata ma ta taɓa ce mata, "To ai ko tulu aka sa a ciki haka za ki ce." Yanzu ta sami bakin magana. Ta gayyaci kowa ya zo gidansu kallo ranar da za a nuna.

Ranar ɗauka, mai kwalliya ta zaunar da shi gaban madubi, ta fito da reza.

"Kai da gemu duka za a aske, har gira. Cire rigar."

"Har gira?"

"Haka aka ce min."

Ta aske shi tas, ta ɗauko bokiti cike da wani koren abu mai yauƙi, ta fara shafa masa tun daga ƙeya har yatsun ƙafa. Ta manna masa guntayen tiyo a kafaɗu da ciki. Banda ɗan kamfai babu komai a jikinsa. Da Darakta ya leƙo, Guntu ya ce, "Ranka ya daɗe, na zaci kayan sarauta zan sa. Ko abin rufe fuska ma babu?"

Darakta ya zagaye shi yana kallo, kamar mai duba akuya a kasuwa.

"Wane abin rufe fuska kuma? Ai Allah ya riga ya gama mana aikin."

Aka kwashe da dariya a bakin ƙofa. Mai kwalliya ta sunkuyar da kai tana wanke hannu.

Aka tura shi cikin sulke, aka kunna hayaƙi. Kyaftin ya ɓalle ƙofar baya, ya kamo shi ta idon sawu ya fizgo shi waje. Ƙeyarsa ta bugi bakin ƙarfen. Darakta ya ce fizgar ba ta yi ƙarfi ba, a sake. Aka mayar da shi, aka sake fizgowa. Sai kamara ta sami matsala, aka kuma. Koren ruwan ya shiga masa ido, bayansa ya kwaile a kan siminti, ba wanda ya tambaye shi ko ya ji ciwo. Kyaftin ya ɗora masa takalmi a ƙirji, ya taka da gaske, ya ce, "Wannan ɗan tsurut ɗin ne ya hana duniya barci?"

Sai aka yi wa Guntu alama da hannu ya yi magana.

Yana kwance a ƙarƙashin takalmin ya fara. Ya faɗi yadda Sarki ya shiga sulke tun yana ƙarami don tsoron kada a taka shi, yadda ya ci taurari da yaƙi bai taɓa jin iskar ko ɗaya a fatarsa ba. Muryarsa ta cika ɗakin. Mai fitilu ya bar tauna cingam. Kyaftin kansa ya sassauta ƙafa bai sani ba. Da ya gama aka yi tsit na ɗan lokaci, sannan Darakta ya ce, "Madalla. An gama."

Da wannan shirun Guntu ya koma gida. Matarsa ta yi salati da ta gan shi ba gira, ya ce mata aikin ne ya gaji haka. Bai gaya mata zancen bokitin ba, bai gaya mata zancen takalmin ba. Ya riƙa ce wa kansa in mutane suka ji jawabin, za su manta da sauran.

Ranar nunawa aka fito da talabijin tsakar gida tun da sauran rana. Aka shimfiɗa tabarmi, aka aro benci. Yayansa ya zo da kayan aikinsa a jiki, 'yarsa ta taso daga kanti da wuri, ta zo da saurayinta da zai aure ta. Matar Guntu ta ɗinka masa sabuwar riga, ta zaunar da shi a kujerar gaba.

Sulke ya fito, aka yi tafi. Kyaftin ya fasa ƙofa. Sai ga wani ɗan koren abu tsirara an jawo shi ta ƙafa, yana wutsil-wutsil a ƙasa. An ƙara wa hoton sauri, an sa masa kiɗan ban dariya. Wata maƙwabciya ta ce, "La ilaha, shi ne!" Kamara ta matso kan fuskarsa, bakinsa ya buɗe zai fara jawabi.

Abin da ya fito tsuwwa ce irin ta ɓeran da tarko ya kama. Leɓunansa na motsi da kalmomin da ya haddace, idonsa cike da ƙwalla ta gaske, amma tsuwwar kawai ake ji, siririya, tana hawa tana sauka. Kyaftin ya toshe kunne ya yamutsa fuska.

Tsakar gidan ta ɓarke da dariya. Wani ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki. Saurayin 'yarsa ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa, ya kifa kai a gwiwa kafaɗunsa na girgiza. Guntu bai juya ba, amma a cikin duk hayaniyar ya tsinci wata dariya da ya sani, gajeriya, wadda ta kuɓuce kafin a danne ta da mayafi. Ta matarsa ce.

'Yarsa ta tashi ta shige ɗaki. Yayansa ya miƙe ya fice ko sallama babu. Guntu ya zauna cikin sabuwar rigarsa har sunaye suka gama wucewa. A gaban Sarkin Taurari sunan Mai Murya ne, kamar kullum.

Da mutane suka watse, matarsa ta zo tana naɗe tabarma kusa da ƙafarsa.

"Maigida, wallahi ban san ta fito ba."

"Ai abin dariya ne," ya ce. "Don haka aka yi shi."

Daga ranar, in ya fito layi sai ya ji tsuwwa daga bayan wani shago. Direbobin haya na yi masa, masu wankin mota na yi masa, har wani dattijo da suke gaisawa da mutunci ya gwada sau ɗaya yana murmushi. Wata safiya 'yarsa ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Baba, don Allah ka daina biyowa ta kanti. Masu sayen magani suna yi min abin nan."

Ya ce to.

Ranar ya wuce gidan talabijin. An fito da sulken harabar gaba, mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto, yara na leƙa ƙofar baya da aka ɓalle. Ya ratsa su kansa a ƙasa ya hau ofishin Darakta. A hanya ya shirya maganganu masu zafi. Yana shiga, Darakta ya taso da fara'a ya dafa masa kai.

"Ga tauraronmu! Ka san ba a taɓa kallon wani kashi kamar wannan ba? Waya har ta gaji da ƙara."

"Ranka ya daɗe, jawabina fa?"

"Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Amma ya yi nauyi. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, kuka zai zauna yi? Zauna ka ji. Za mu ci gaba da shirin. Ɗan koren bai mutu ba. Kyaftin zai sa shi a keji ya riƙa yawo da shi a jirginsa. Babu sauran sulke, babu zafi, kullum fuskarka a waje. Ba abin da kake so ke nan ba?"

Guntu ya tuna idon matarsa da ya fara gazawa wajen zura zare a allura, ya tuna bikin 'yarsa da ke tafe, in har yana nan tafe. Ya lissafa wuraren da za su ɗauki mutum irinsa mai furfura aiki, bai sami ko ɗaya ba.

"Abu ɗaya ne," in ji Darakta. "Za mu riƙa kai ka makarantu da manyan kantuna, can kuwa babu na'ura. Dole ka iya tsuwwar nan da bakinka. Yi mana mu ji."

Ya leƙa waje ya kira sakatariyarsa da mai fitilu su zo su saurara. Suka tsaya a bakin ƙofa suna jira.

Guntu ya matse maƙogwaronsa, ya yi.

"Ya yi kauri," Darakta ya ce. "Muryar nan taka ce matsalar. Ƙara sirantawa."

Ya ƙara. Sakatariyar ta ƙyalƙyale da dariya, mai fitilu ya ce saura kaɗan. Aka sa shi ya yi ta maimaitawa har Darakta ya gamsu, sannan aka ce ya biya wajen mai kwalliya kafin ya tafi, domin girarsa ta fara tsirowa.