Bakin Larai

Dakta Hafsat ta buɗe idon Baba Elisha da yatsu biyu, ta ɗora masa wani ɗan gilashi mai laushi, siriri kamar ɓawon albasa. Tsohon ya ƙifta, ƙwalla ta zubo, ya ce ba zafi, ƙaiƙayi ne kawai.

Gwaji ake yi a wani ƙaramin asibitin ido a Barnawa. Wayar da ke kan tebur za ta ji magana, ta aika wa gilashin, shi kuma ya rubuta ta a cikin idon mutum da ƙananan haruffa koraye. Don kurame aka yi shi, kuma mutum goma kacal za a ɗauka, waɗanda suka fi bukata.

To, shi Elisha ba da kurumta aka haife shi ba. Shekara ashirin da shida ya yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa da ke Kakuri, ƙara ta cinye masa kunne. Ma'aikatan ciki kuwa ba sa wahalar da murya, leɓe suke karantawa. Da haka ya zauna lafiya da matarsa Larai, har wata takwas da suka wuce, hawan jini ya kayar da ita, bakinta ya karkace. Murya tana fita, leɓen ne ya daina karantuwa. Tun daga nan shi ke girki a gidansu na Trikania, tana magana yana gyaɗa kai, bawan Allah bai san me take cewa ba.

Yau ma tana kan benci a waje, ta ƙi shigowa, wai kada a kalli bakinta. Da likita ta nemi wanda zai yi masa magana, sai aka kira Malam Usman na Makera, abokinsa tun a masaƙa, wanda ya kawo su a kekensa mai ƙafa uku.

Usman ya zauna, ya dube shi, ya motsa leɓe. Ko ɗigon murya bai fitar ba. Haka suka saba, shekara nawa.

Elisha ya tuntsire da dariya. "Kai ne mai ido kamar na mujiya, tsohon banza."

Likita ta duba na'urarta, ba ta ga kalma ko ɗaya ba. Ta dubi tsofaffin biyu, ta sake sa Usman ya yi tambaya. Nan ma shiru, nan ma Elisha ya amsa daidai. Sai ta ajiye biro, ta gaya wa Elisha cikin ladabi cewa shi yana fahimtar mutane ko ba gilashi, ga wasu a layi da ba su da wannan baiwar. Ya karanta kowace kalma a bakinta, wanda hakan ma bai taimake shi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya gode.

Usman ne ya miƙe, yanzu da murya har tana cika ɗaki. Ya ce laifinsa ne, halin masaƙa ne ya bi shi, a ba shi minti biyu. Ya fita, aka ji shi yana lallashi a waje, yana cewa Mama Larai ta yi wa Allah.

Ta shigo tana jan ƙafa, ta rufe bakinta da gefen gyale. Ta zauna. Ta yi magana a hankali.

Elisha ya ƙura wa bango ido. Ya ce haruffa sun fito amma a tarwatse. Likita ta matsar da wayar kusa da ita, ta ce ta sake.

Wannan karon leɓensa ya fara motsi, kamar ɗan aji ɗaya. "Gishiri... ya yi... yawa... a miya."

"Wata takwas ina faɗa maka," in ji Larai daga bayan gyale.

Wannan ma ya karanta. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, ba ka iya cewa dariya ce ko kuka. Dakta Hafsat ta ja takarda ta rubuta sunansa. Ta gargaɗe su cewa abin yana kuskure, awa uku kawai za a riƙa sa shi, kuma kowace Laraba su dawo.

Elisha ya share ido a hankali, kada gilashin ya goce. Ya juya wajen matarsa.

"Barkonon fa, ya yi?"

Larai ta sauke gyalen daga bakinta. Ta ce ya gyara zama, maganar da yawa.