Tukunyar da Ta Riga Shi Zuwa Gida

Jami'in kashe gobara ya sa bakin shebur ya kifar da tukunyar a saman benen. Abin da ya faɗo baƙi ne, dunƙule guda: cokula da batura sun narke sun manne da juna.

"Wa ya zuba waɗannan a nan?" ya tambaya da Larabci.

An riga an tafi da mai ɗakin, Alhaji Issoufou, asibiti. Munzali, maƙwabcinsa na ƙasa, yana tsaye cikin ruwan da ke gangarawa matakala, yana kallon dunƙulen. Ya san irin baturan. A masana'antar kwali da yake aiki, shi ke tsaye kan injin da ke yanka musu mazauni: kowane batir da raminsa, bango tsakaninsa da ɗan'uwansa, hular roba a kansa don kada ya taɓa ƙarfe.

Alhaji Issoufou direba ne, mutumin Tasawa. Ya tsufa yana tuƙa iyalan wani gida a unguwar Nasiriyya da ke Riyad, yana kwana a ɗan ɗaki a saman wani tsohon bene a Ulaisha. A bana ya karɓi takardar fita ta ƙarshe, ya fara haɗa kaya. Ya haɗa su yadda duk mai komawa gida yake haɗawa: a yage kwali a yar, a cusa ƙananan kaya cikin tukwane, a ɗaure murfi, domin masu kargo suna auna nauyi, suna auna girma.

"Ku ne kuke sayar mana da iska a kwali," ya taɓa ce wa Munzali a matakala. "Abu kamar yatsa, ku gina masa bene. Ni kaina ban samu ɗaki irin wannan a Riyad ba."

"To Alhaji, ka ce in yanka maka naka."

"Yanka wa Kanawa, su ke son ado."

Ranar da abin ya faru ya dawo daga Azahar ya kwanta, tukunyar na jikin bangon da rana ke duka. Wutar ba ta taɓa jikinsa ba. Hayaƙin ne ya shiga huhunsa. Bai kai Juma'a ba.

Aka yi masa salla bayan La'asar, aka kai shi maƙabartar Nasim, inda kaburbura ba su da suna. Malam Laouali, dattijon 'yan Nijar na unguwar, shi ya buga wa matar mamacin, Delou, waya. Ya ce mata zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, lokaci ne ya yi.

"Mace tana takaba ba a ƙara mata da bayani," ya ce wa mutanen da ke zaune. Kowa ya gyaɗa kai, har Munzali.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Munzali ya tarar da matarsa Hindatu a kan keken ɗinki. Ta miƙa hannu ta zaro zare daga wani kwali mai ramuka, kowane zare da raminsa.

"Ina kika samu wannan?"

"Marigayi ya ba ni. Ya ce gara zare ya zauna a ciki."

"Yaushe?"

"Kafin azumi. Lokacin da ya aika kayan farko."

Munzali ya ɗauki kwalin ya juya shi: kwalin batura ne, irin wanda yake yankawa. Sannan ya sa takalmi ya tafi shagon Malam Laouali.

Dattijon ya saurare shi har ya gama, yana jan carbi.

"Ka san wa ya yi sallahun baturan nan? Ita Delou. Don fanka da fitilar sola. Ka gaya mata, ka ɗora mata abin da za ta mutu da shi."

"Malam, bazara ake a Tasawa. Ɗakinta rufin kwano ne."

"Na ce mata zazzaɓi. Ka mayar da ni maƙaryaci da furfurata?"

"A'a, Malam."

Malam Laouali ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya turo wa Munzali wayarsa a kan teburi.

Delou ta ɗauka ta bidiyo. Tana zaune a kan tabarma, lulluɓe da farin mayafi. Munzali ya yi mata ta'aziyya, ta amsa kowace gaisuwa a muhallinta.

"Inna, kayan da Alhaji ya aiko kafin azumi, sun iso?"

"Sun iso, ɗan nan. Suna ƙarƙashin gado."

"An buɗe?"

"Wa zai buɗe tsarabar mutum ba ya nan? Da hannunsa yake rabawa. Yanzu kuma ƙannensa sun ce kada a taɓa ko allura sai an zo rabon gado."

"Akwai tukunya a ciki?"

"Akwai babba, an ɗaure murfinta da igiya."

Sai ya gaya mata. Ya faɗi tukunyar, ya faɗi cokulan, ya faɗi hayaƙin. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta sauka ba. Malam Laouali ya juya fuskarsa wajen bango.

Hoton ya tsaya cak, har Munzali ya zaci layin ya yanke. Can wani zakara ya yi cara a bayanta.

"Ashe ba zazzaɓi ba ne."

"Ba shi ba ne, Inna."

"Baturan da na ce ya sayo."

"Baturan ba su da laifi in suna cikin kwalinsu. Kwalin aka cire."

"Haka yake yi," ta ce. "Ko sabulu sai ya tuɓe masa riga."

Ta gyara mayafinta. "Ƙannensa za su ce na ci amanar gado."

Malam Laouali ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Delou, ni ne. Ki ce musu ni na sa ki. Ni da na ce miki zazzaɓi."

Ta tashi. Hoton ya yi ta lilo, ya nuna kwanon rufi, ya nuna ƙasa, sannan ya tsaya: ta jingina wayar da turmi. Ta fito rungume da tukunyar, tana takawa a hankali yadda Munzali ya ce, ta ajiye ta a inuwar darbejiya. Ƙullin igiyar na direba ne, sai da ta sa haƙori.

A sama 'yan kwalaye ne na ɗaurin kai, sababbi, kala-kala, an cusa su ko'ina don cike gurbi. Su suka raba baturan da bangon tukunyar duk tsawon hanya. A ƙasa baturan suke, zube. Ɗaya ya kumbura, fatarsa ta tsage.

"Wannan ki kai shi can nesa, kan yashi, ki bar shi. Sauran kada ɗaya ya taɓa ɗaya. Kina da kwalin ƙwai?"

Tana da shi. Ta ɗauko a madafa, ta kaɗe ƙurarsa da gefen mayafi.

A shagon, Munzali da Malam Laouali suna kallon wayar. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar da ruwa a bokiti. A cikin wayar, Delou ta durƙusa a kan yashi, tana ɗaukar baturan ɗaya bayan ɗaya, tana sa kowanne a raminsa. Iska ta ɗaga wani ɗan kwali shuɗi daga bakin tukunyar, ta sa gwiwa ta danne shi, ta ci gaba.