Kwanon Ruwan Malam Zuma

"Ka kwashe su, ko ni in kwashe maka," in ji mai walda, yana dafe da katangar da ta raba gidajensu.

"Injiniya, wa suka taɓa harba a gidanka?"

"Sai na jira sun harba?"

Malamin kimiyya bai ɗago ba. Tsakuwa yake jerawa cikin wani tsohon kwano, ɗalibansa sun kewaye shi. Amya uku gare shi a bayan ɗaki, shi ya sa yaran unguwa ke ce masa Malam Zuma. Duk ƙarshen mako yakan kawo ajinsa su ga aikin da ido.

"Auta, faɗa wa babanka amfanin kwanon nan."

'Yar mai walda ta sunkuyar da kai. "Mu ba ƙudan zuma ruwa, su sauka kan tsakuwa su sha kada su nutse. In sun ƙoshi ba sa zuwa randar mutane. Su kuma su bi fure, lemonmu ya yi 'ya'ya."

"Ka ji. Lemon da kake sha, ma'aikatana ne suka yi maka. Ban taɓa aiko maka da lissafi ba."

Yara suka yi dariya. Dariyar ce ta tsaya wa mai walda a wuya. A gaban 'yarsa.

Bayan wata guda ɓarin jikin Malam ya shanye. Aka dawo da shi daga asibiti baki a karkace, magana ta tafi. Matarsa ta jingina shi da filo kusa da taga, inda zai riƙa ganin amyoyinsa. Ita tsoron ƙudan take, ba ta zuwa bayan ɗakin. Auta ce ke haurawa kullum da buta ta cika kwanon.

Ranar da uban ya gan ta a kan katanga, ya fizgo ta da ƙafa.

"Ke baiwarsa ce? In na sake ganin ki can, sai na karya ki."

"Baba, in ruwan ya ƙare..."

"Ya ƙare mana."

Kwanon ya bushe cikin zafin nan. Ƙudan suka bi ƙanshin ruwa, suka rufe bakin randar mai walda. Da hantsi matarsa ta kai moɗa, uku suka same ta a hannu, ɗaya a fatar ido. Kafin azahar idon ya rufe.

Bai yi faɗa ba. Wani abu mai kama da daɗi ma ya ji. Ya zagaya layin yana nuna wa mutane fuskar matarsa, tela da mai shago suka ce ai dama sun faɗa.

Da yamma, da ƙudan suka koma gida, ya haura da galan ɗin fetur. Ya toshe ƙofar kowace amya da tsumma, a natse, kamar mai haɗa ƙarfe. Matar Malam ta fito tana roƙo.

"Baban Auta, ka bari gobe a kira masu ɗaukar amya. Don darajar zama tare."

Ya ƙyasta ashana.

Ƙarar da ta fito daga cikin amyoyin ba ta daɗe ba. Zuma ta narke tana bin ƙasa, baƙa, tana tafasa. Warin kakin ya cika layin. Da ya juya zai tafi, idonsa ya sauka kan tagar. Ya yi saurin kawar da kai.

Malam bai ƙara karɓar abinci ba. In an kai cokali sai ya damƙe haƙora. Kafin mako ya zagayo aka fito da gawarsa. Mai walda na gaba-gaba wajen ɗauka, har ana yaba masa.

Da ya dawo, ya hangi Auta a bayan ɗakin mamacin, tsugune cikin toka. Ta cika kwanon, ta gyara tsakuwar. Ƙudan zuma guda biyu, waɗanda dare ya yi musu a waje ran nan, sun sauka suna sha. Suka tashi, suka kewaya inda amyar take a da, suka sake kewayawa.

Ya buɗe baki zai daka mata tsawa. Ba ta waiwayo ba.

"Baba, da ka kunna wutar, ka san yana kallon ka ta taga?"